Shago a Buɗe Awa 13, Aikin Na Awa Nawa Ne?

Tela a unguwar Aboabo da ke Kumasi, a Ghana, kan buɗe shago ƙarfe bakwai na safe, ba zai ja ƙofa ba sai takwas na dare. Awa 13 ke nan. In ka tambaye shi zai ce wuni ya yi yana aiki, kuma bai yi ƙarya ba, don gajiyar tana nan a bayansa da idanunsa. Sai dai in aka ƙirga mintunan da ƙafarsa ke kan keke ko almakashi ke hannunsa, aka ware lokacin neman tef ɗin awo, da sauya zare, da amsa waya, da jiran wuta, da warware ɗinkin da bai tafi daidai ba, abin da zai rage zai ba shi mamaki. Haka abin yake ga bakanike a Suame Magazine, da mai gyaran waya a Adum, da hajiya mai yadi a Kejetia, har da ma'aikacin ofis. Da wuya lokaci ya ɓace a dunƙule. Yoyo yake yi kamar bokiti mai huda, ta tsakanin aiki da aiki: wajen farawa, wajen sauyawa, wajen nema, wajen jira, da wajen maimaita abin da aka riga aka yi. Wanda ya toshe waɗannan kafofi zai tashi da Magariba ya fi wanda ya kai goma na dare cin aiki.

Kafin a gyara komai sai an auna. Ka samu takarda guda, ka raba yinin rabin awa rabin awa, daga buɗe shago zuwa rufewa. Duk rabin awa ka rubuta kalma ɗaya ko biyu: yanka, ɗinki, waya, baƙo, kasuwa, jira, gyara. Kwana uku a jere za ka yi, kuma kada ka zaɓi Juma'a ko makon Sallah, don ba su ne ainihin kamannin mako ba. Sharaɗin shi ne a rubuta nan take. Wanda ya bari sai dare zai rubuta yinin da ya so ya yi ne, wanda ya faru kuwa ya riga ya manta rabinsa.

Bayan kwana ukun sai ka tara gida uku: aikin da kwastoma ke biyan kuɗinsa, aikin da ke tallafa masa irin su sayayya da lissafi da shara, sai kuma abin da ya tafi haka kawai. Daga nan ka fitar da lamba ɗaya da za ta yi maka amfani kullum, wato kuɗin awarka. A ce ribar watan jiya sidi 3,000 ce, awoyin gida na farko kuma 150 ne a watan. Awarka ɗaya sidi 20 ke nan. Misali ne kawai, kowa ya sa nasa lissafin. Amfaninta shi ne duk ranar da za ka ɓata awa biyu a trotro, wato motar haya, don sayo zif na sidi goma, ka san abin da ka biya a gaskiya.

Salloli sun riga sun yanka mana yini

Masu koyar da tsara lokaci a ƙasashen waje kan sha wahala wajen koya wa mutane raba yini gida gida. Mu a Zango an riga an raba mana. Ga kuma wata falala da Kumasi ke da ita: muna kusa da tsakiyar duniya, don haka rana na fitowa wajen ƙarfe shida ta faɗi wajen ƙarfe shida kusan duk shekara, bambancin bai kai awa guda ba. Asuba tana wajen ƙarfe biyar, Azahar wajen sha biyu, La'asar bayan uku, Magariba wajen shida. Tsarin da ka yi a Janairu zai yi maka aiki a Yuli ba tare da ka sake shi ba.

Gidan da ya fi kowane daraja shi ne daga Asuba zuwa hantsi. Sakhru al-Gamidi ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya roƙa wa al'ummarsa albarka a sammakonta. Shi Sakhru ɗan kasuwa ne, ya riƙa tura hajarsa da sassafe, dukiyarsa ta yawaita. Hadisin yana cikin Abu Dawud da Tirmizi. Ko ta fuskar sana'a kaɗai aka duba, dalilin a fili yake: gari da sanyi, waya ba ta fara ƙara ba, kwastomomi ba su fito ba, ƙwaƙwalwa ta huta. Da sanyin safiya ake kama fara.

Don haka aikin da ya fi wuya, ko wanda kuskure a cikinsa ya fi tsada, shi ake sa wa wannan lokaci. Ga tela, yanka ne, musamman shadda ko leshi mai tsada wanda in almakashi ya kauce ba gyara. Ga bakanike, gano matsalar da ta ƙi ganuwa ko haɗa inji. Ga mai gyaran waya, aikin da ke son hannu ba rawa. Ga ma'aikacin ofis, rahoto ko lissafin da ya yi ta ɗagawa. Awa biyu zuwa biyu da rabi, misali daga shida da rabi zuwa tara, waya a aljihun rigar da aka rataye, ƙofar shago a ɗan saye. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ƙone wannan lokaci mai tsada da aiki mai arha: shara, karanta saƙonnin guruf, jiran mai koko da ƙosai, ko gyaran wandon da yaron shago ma zai iya. Waɗannan duk za su yiwu ƙarfe biyu na rana, sa'ad da jiki ya yi la'asar tun kafin La'asar.

Daga hantsi zuwa Azahar a ci gaba da aikin hannu, amma ƙofa a buɗe. Tsakanin Azahar da La'asar a sa aikin da ba ya son tunani mai zurfi: guga, sa maɓalli, wanke kayan aiki, kiran masu kaya. Daga La'asar zuwa Magariba na mutane ne: awo, karɓar kaya, ciniki, lissafi. Mai sayarwa a kasuwa ba shi da ikon juya lokacin cinikinsa, gaskiya ne, amma takardar kwana ukun nan za ta nuna masa awoyin da kasuwa ke mutuwa, a nan zai zuba lissafi da jera kaya da bin bashi.

Akwai dabarar da Francesco Cirillo ɗan Italiya ya fito da ita a ƙarshen shekarun 1980: minti 25 na aiki, minti 5 na hutu, bayan zagaye huɗu a yi hutu mai ɗan tsawo. Tana da kyau ga ɗalibi da mai aikin takarda, kuma tana taimaka wa wanda farawa ke yi wa nauyi, don minti 25 ba ya tsorata kowa. A aikin hannu kam ban ga ta dace ba. Wanda ya shimfiɗa yadi ya zana da alli ba ya ajiye almakashi don ƙararrawa ta kaɗa. Gara ya huta a gaɓar aikin: an gama yanka riga uku, a miƙe, a sha ruwa, a dubi nesa don ido ya sake.

Safiya da dare ake shirya ta

Abin da ke kashe sammako shi ne a iso shago sannan a fara tunanin me za a yi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Minti 15 na ƙarshe kafin rufewa su ne za su sayo maka awa guda gobe. A cikinsu ka rubuta ayyuka uku kacal na gobe, ka ja layi a ƙarƙashin na farko. In ka rubuta goma, hannunka zai tafi ga masu sauƙi, mai wuyar ya sake kwana. Sannan ka fitar da kayan aikin farkon ka ajiye a inda za ka fara: yadin a kan tebur da takardar awonsa a maƙale, zaren da ya dace a kan keke, kwarkwaro uku ko huɗu a naɗe, an ɗiga wa keke mai. Bakanike ya tabbatar kayan gyaran da motar safe ke buƙata sun iso tun yau. Ka sa waya da fitila a caji, ka duba abin da ya rage a mitar wuta.

Matan Zango masu abincin sayarwa sun fi kowa sanin wannan, a wurinsu ya kamata maza su koya. Mai wakye da ta jiƙa wake tun dare ta rage wa kanta lokacin dahuwa da gawayi, ta ware karan dafinta, ta soya miyarta tun jiya. Mai koko ta jiƙa gero, ta kai niƙa, ta tace, ta bar gasara ta kwanta. Shi ya sa ƙarfe shida abinci ke kan tebur. Abin da ke cinye musu lokaci daban ne: ɗiban ruwa, shirya yara, abincin gida, duk a kan mutum ɗaya. Maigidan da ya ɗauki kai yara makaranta, ko ya sa manyan yara cika randa da guge takalma tun dare, ya ƙara wa gidansa awar ciniki, kuma ina ganin wannan haƙƙi ne a kansa.

Kowane kayan aiki ya kasance da mazauni guda. Allo a bango da ƙusoshi, a zana siffar kowace sifana ko almakashi a inda take rataye, da kallo ɗaya za a gane wadda ba ta dawo ba. Minti biyu na neman tef sau goma a yini minti 20 ne, a mako mai kwana shida awa biyu.

Taura biyu ba ta taunuwa

A shekarar 2009 wata mai bincike, Sophie Leroy, ta nuna cewa in mutum ya bar aiki bai gama ba ya koma wani, wani ɓangare na hankalinsa kan tsaya a na farkon, aikinsa na biyun ya ragu. Duk mai sana'a ya san wannan a jikinsa: an katse ka kana tsakiyar lissafin awo, ka dawo sai ka faro daga farko. Ban da hankali, su ma kayan aiki suna cin lokaci wajen sauyawa. Shigeo Shingo, injiniyan Japan da ya yi aiki da Toyota, ya shahara ne a kan wannan. Ya raba shirin sauya aikin inji kashi biyu: abin da ba ya yiwuwa sai an tsayar da inji, da abin da za a iya yi inji na tafiya. Ya ce a kwashe duk abin da zai yiwu a mayar kashi na biyu, har sauyin da ke cin awoyi ya dawo ƙasa da minti goma.

A shagon tela ga yadda wannan yake. Sauya zare da kwarkwaro da allura da daidaita ƙarfin zare dole sai keke ya tsaya. Naɗe kwarkwaro, nemo zif, guge yadi, yanke abin ƙarfafa wuya, duk yaro zai iya yi kana ɗinki. Sannan a haɗa aiki iri ɗaya: a yanka na kwana biyu a zama guda, a jera ɗinki bisa launin zare, farare tare, masu duhu tare, yadi mai kauri tare don kada a yi ta sauya allura. A tara guga a yi sau ɗaya ko biyu a yini, dutsen guga ya yi zafi sau ɗaya, wutar mita ma ta yi auki.

Amma a nan akwai ramin da mutane ke faɗawa. Wanda ya ji daɗin haɗa aiki sai ya yanka kayan mutum 20 a rana ɗaya, ya tara su, babu ko ɗaya da ya kammala. Hannun rigar wannan ya shiga ledar wancan, kuɗi kuma ba sa shigowa sai kaya sun fita. Haɗin kada ya wuce abin da za a gama cikin kwana biyu. Kowane yanka a ɗaure shi da ƙyallensa, a maƙala suna. A gareji ma haka: mota shida a buɗe, kowace tana jiran wani abu, ta fi mota biyu da za a gama yau cin fili da hankali.

Sai waya. Ba a cewa mai sana'a ya kashe waya, don a cikinta kwastoma yake, a cikinta MoMo take, wato asusun kuɗi na waya. Abin yi shi ne a ba ta lokaci: sau uku a yini, misali ƙarfe tara da rabi, bayan Azahar, da bayan La'asar, minti 15 zuwa 20 kowane. A rufe ƙarar duk guruf, na dangi da na unguwa da na ƙwallo. A bar kira a buɗe, don mai larurar gaske kira yake yi. WhatsApp Business yana da wurin ajiye amsoshin da aka saba bayarwa, da saƙon da ke fita da kansa in ba ka kusa, da wurin jera kaya da farashinsu. Awa ɗaya da za ka zauna ka rubuta farashi, kwatancen shago da lambar biyan kuɗi za ta hutar da kai rubuta su sau ɗari. Saƙon murya na minti huɗu kuwa, in ya ƙunshi awo ko adadi, ka saurara sau ɗaya da biro a hannu, ka rubuta, ka tura wa mai shi a rubuce ya tabbatar. In an ce an turo kuɗi, ka duba asusunka da kanka, kada ka dogara da hoton da aka turo ko saƙon da ba ka tabbatar daga ina ya fito ba. Minti ɗaya ne, bin kuɗin da ba su shigo ba kuwa yini ne. Wanda wayar ita ce shagonsa, kamar wakilin MoMo ko mai sayarwa ta intanet, sai ya juya tsarin: ya ware awa ɗaya ko biyu da ba ya taɓa ta, sauran yinin nata ne.

Maganar baƙi ta fi ta waya wuya, kuma a nan shawarwarin da aka rubuta don wasu ƙasashe ba sa yi mana aiki. A Zango shago majalisa ne. Zumunci a ƙafa yake, kuma wanda ya zo gaishe ka yau shi zai kawo maka kwastoma gobe, shi zai tsaya maka ranar suna ko rasuwa. Ba a korar mutum. Amma gaisuwa daban, zaman hira daban. Ka miƙe tsaye, ka ba da hannu, ka gaisa cikakkiyar gaisuwa, ka tambayi gida da iyali, kada ka koma ka zauna. In babba ne: "Alhaji, ka yi mini uzuri, kayan mutane ne a hannuna da alkawari a kai. In Allah ya kai mu bayan La'asar ni zan zo in same ka." In tsara ne: "Ɗan'uwa, bari in fitar da wannan, mu haɗu wajen ataya." Sai ka cika, don in ka saɓa sau biyu maganar ta zama kora. Bencin baƙi a fitar da shi waje ƙarƙashin rumfa, kada ya kasance gefen keke. Cikin mako biyu unguwa za ta gane cewa safiyar wane ta aiki ce, yammarsa ta mutane. Iyaye da malamai da wanda ya zo da larura ba sa cikin wannan lissafi, su kam a ajiye aiki.

Hanya, wuta, da alkawari

Shiga Kejetia ko Adum da tsakar rana don abu ɗaya asara ce tsantsa. A rataye takarda a bango, duk wanda ya buɗe kwalin ƙarshe na zare, allura, zif ko man inji ya rubuta nan take, tun kafin ya ƙare. A ware rana ɗaya a mako don sayayya, a fita da sassafe kafin hanya ta cushe, a jera jerin bisa layukan kasuwar don kada a yi ta kai da komo. In kana da amintaccen mai kaya, ka kira, ka biya ta MoMo, a ba mai babur ko mai pragya, wato babur mai ƙafa uku, ya kawo. A nan kuɗin awarka zai yanke hukunci: in kuɗin aike bai kai awoyin da za ka ɓata ba, ka aika. Launin zare da ingancin yadi ne kaɗai ke son idonka, sai ka tafi da ƙyalle. A damina, da yake ruwan Kumasi ya fi sauka da yamma, fita da shanya da fenti a yi su da safe.

Tun shekarun dumso, wato lokacin yawan ɗauke wuta a Ghana, musamman 2015, kowa ya koyi cewa wuta ba ta da alkawari. Ka raba ayyukanka gida biyu a rubuce, masu son wuta da marasa so. In akwai wuta, masu sonta ne a gaba ko da ba su ne a tsarin ba: keken lantarki, guga, walda, caji. In ta ɗauke, kada a zauna ana jira ana hira, a juya ga yanka, awo, aikin hannu, lissafi. Tsohon keken ƙafa da ke kusurwa kada a sayar da shi.

Ɓarawon da ya fi kowane girma shi ne aikin da aka yi sau biyu. Sauri ya haifi nawa. Rigar da aka warware ta ci lokacin ɗinki, da na warwara, da na sake ɗinki, da na ba da haƙuri. Mafi yawan wannan daga karɓar aiki yake farawa. Littafin aiki ya kasance da suna, lambar waya, ranar karɓa, ranar bayarwa, awo, zanen salon, kafin alƙalami da ragowar kuɗi, da ɗan ƙyallen yadin a maƙale. Ka karanta wa kwastoma abin da ka rubuta kafin ya tafi: "Hajiya, dogon hannu, wuya zagaye, aljihu biyu, haka ne?" Bakanike ya kira mai mota ya faɗi kuɗin kayan gyara kafin ya kwance, kada mota ta kwana uku a buɗe ana jayayya.

Yaran shago ma lokaci ne da ake barin sa yana zuba. Maigida ya ƙi koyarwa don yana ganin yin da kansa ya fi sauri, yaro ya shekara yana sayo abinci da kai saƙon gida. Koyarwa hawa uku ce: ya kalle ka kana yi kana bayani, ya yi kana kallo, sannan ya yi shi kaɗai ka duba a ƙarshe. Aiki ɗaya a mako, a yi shi tsakanin Azahar da La'asar. A makon farko za ka ga kamar ka yi asara. Bayan wata uku kalmasa da maɓalli da guga sun bar hannunka gaba ɗaya.

Duk wannan ba ya tsayuwa a jikin da bai yi barci ba. Babban mutum yana buƙatar awa bakwai ko fiye. Mai tashi biyar saura kwata, goma saura kwata ya kamata ta same shi a kwance. Abokan gabar wannan sanannu ne: majalisar ataya da samari ke kira bes, ƙwallon Turai na dare, da waya a kan gado. Ataya ganyen shayi ne da aka dafa ya yi ƙarfi, kuma sinadarin da ke hana barci a cikinsa kan ɗauki kamar awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki. Wanda ya sha zagaye uku ƙarfe tara, ƙarfe biyu na dare rabin yana nan. A mayar da ataya bayan La'asar. Ƙailula ta minti 20 bayan Azahar tana wartsakarwa, a sa ƙararrawa, don in ta kai awa guda mutum kan tashi da nauyin kai. Kasalar tsakar rana tana zuwa ko ba a ci komai ba, amma malmalar tuwon zafi ko banku biyu na ƙara mata nauyi. A rage na rana, a ajiye ruwa kusa.

Sai a sa wa yini ƙarshe. A 1955 C. Northcote Parkinson ya rubuta cewa aiki kan buɗe ya cika duk lokacin da aka ba shi. Wanda ya san shagonsa na kaiwa goma na dare ba abin da zai sa ya matsa da safe. Henry Ford ya mayar da masana'antunsa kwana biyar, awa 40 a mako, tun 1926, dokar ƙwadago ta Ghana ta 2003 ma awa takwas a yini ko 40 a mako ta ɗora wa ma'aikaci. Mai zaman kansa ba wanda zai tashe shi, shi zai yanka wa kansa. Kiran Magariba iyaka ce mai kyau, ba ta buƙatar agogo. Kada kuma a ɗauki duk abin da ke sama a rana ɗaya, mutum zai yi kwana huɗu ya watsar. A fara da shirin dare da tsare safiya, mako biyu, sannan a ƙara waya.

Juma'a a lissafa ta rabin yini tun farko, a daina yi wa mutane alkawarin karɓar kaya a ranar. Lahadi a Zango ta aure ce da suna, mai ɗinki ya sa ranar bayarwa Alhamis don a samu sararin gyara. Azumi kuma yana juya komai: ƙarfi yana safiya, don haka daga Asuba zuwa Azahar a zuba aiki mai nauyi, bayan La'asar a tsaya ga mai sauƙi, in da hali a ƙara awa biyu bayan Tarawihi, amma ba har sahur ba, don ɗinkin ƙarfe uku na dare shi ake warwarewa da safe.

Kayan Sallah da lissafi ake karɓarsu. In kaftani ɗaya na cin awa uku daga yanka zuwa guga, awoyinka na gaske kuma shida ne a yini, biyu kake fitarwa, 12 a mako mai kwana shida. Ka cire kashi ɗaya cikin biyar don ɗaukewar wuta, rashin lafiya, jana'iza da gyare-gyare, ya rage tara ko goma. Mako huɗu, kaftani 36 zuwa 40 ke nan a hannu ɗaya, sai ka ƙara abin da yaranka ke iyawa bisa nasu lissafin. Ka rubuta adadin a shafin farko na littafi, kana karɓa kana ragewa. Ranar da ya cika ka rufe littafin, ka rubuta a allo a ƙofar shago. Wanda ya zo bayan nan, ko aminin mahaifinka ne, ka gaya masa ranar da zai samu bayan Sallah, ko ka raka shi da kanka shagon wani tela a layin da ka san yana da sarari.